Ministan Kifi a Mahjar

Da kamfanin hayar motoci ya ce wa Abdulghaffar minista zai ɗauko daga filin jirgin Jidda, sai da ya sa sabuwar jallabiya. Ya zaci zai ga 'yan rakiya. Sai ga wani ƙato shi kaɗai, da riga mai furanni da zane ɗaure a ƙugu, yana jan akwatinsa. Falaniko ke nan, ministan kamun kifi na wata 'yar ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ya zo taro.

Mutum ne mai surutu. Kafin su shiga gari Abdulghaffar, da guntun Turancinsa, ya ji tarihinsa kaf: malamin firamare ne da, ya shiga majalisa, ya riƙe ma'aikatar ayyuka, aka sauke shi, ya koma adawa, ya dawo.

Washegari, a hanyar zuwa taron, suna cikin cunkoson unguwar Sharafiyya wayar Falaniko ta yi ƙara. Ya saurara, ya ajiye ta a cinya.

"Gwamnati ta faɗi," in ji shi. "Ɗan baffana ya koma wancan ɓangaren. Ni ba minista ba ne yanzu."

"To taron fa, ranka ya daɗe?"

"In je a matsayin wa?"

Abdulghaffar ya dube shi ta madubi, ya ga idonsa ya ciko. Tausayi ya kama shi.

"Halas, shi ke nan. Yalla, mu je gida."

A gidan Abdulghaffar da ke unguwar Mahjar, matarsa Mastura ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe. Baƙin ciki bai hana baƙon cinye malmala har da neman ƙari ba. Haladu, yayan Mastura, wanda bai taɓa jefa ƙuri'a ba amma ya san siyasar duniya duka, ya gyara zama.

"Gaya masa kada ya kira kowa. Ya ja aji, su za su neme shi."

Falaniko bai kira kowa ba, don barci ne ya kwashe shi a kan kafet.

Da la'asar wayar ta tashe shi. Sabon firaminista, wanda ashe surukinsa ne, yana yi masa tayin ma'aikatar wasanni. Falaniko ya miƙe tsaye, ya yi ta faɗa da yarensu yana dukan ƙirji, ya ce shi ba mutumin da ake saye da kujera ba ne. Can muryarsa ta sauka. Ya tambaya ko za a haɗa masa da yawon buɗe ido.

Aka haɗa masa.

"Ban ce ba?" in ji Haladu.

Abdulghaffar ya kai shi zauren taron ana shirin tashi. Ba wanda ya ji labarin canjin, saboda haka ministan wasanni ya hau mumbari ya yi jawabi mai zafi a kan kifi, aka yi ta tafa masa.