Agogon Ƙasa na Yefim Savelich

Ina cikin yanka kabeji na ji bututun ɗumama ɗaki yana ƙara, ƙwan-ƙwan-ƙwan, kamar ana dukansa da cokali. Cokalin ne kuwa. Haka maƙwabcina Yefim Savelich yake kirana tun da ƙafafunsa suka daina kai shi bakin ƙofa, don bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗina da ɗakin kwanansa. Amma bugun ran nan bai yi kama da na mai neman shayi ba. Na yar da wuƙar na fita da silifa ɗaya a ƙafa.

Na same shi zaune a bakin gado, ya tallafe hannun hagu da na dama, gumi na tsattsafowa a goshinsa duk da sanyin da ake yi. Na zaci ciwon zuciyar ne ya sake tashi. Ashe yatsunsa ne suka kasa kama ɗan kan agogonsa.

"Taisiya Lvovna, ban ba shi abincinsa ba," ya ce. "Tun safe nake fama. Yatsun nan sun zama kamar na aro."

Yefim Savelich a nan garinmu ya yi aikinsa kaf, a sashen da ake sa wa 'yan sama jannati riga. Ni kuma a kicin ɗin cibiyar horar da su na tsufa, na san yawancinsu tun suna samari masu roƙon ƙarin miya. Shi yake duba musu safar hannu da kwalkwali kafin a tafi da su wajen roka, abu na ƙarshe kuma ya ɗaura musu agogo a kan hannun rigar da wani dogon maɗauri. Yana da nasa agogo biyu iri ɗaya, tsofaffi, irin waɗanda sai an murza musu kai kowace safiya. Ɗaya yake kira na sama, ɗaya na ƙasa. Yakan daidaita su tare, ya lallaɓa ɗaya daga cikin matafiyan ya tafi da na saman, shi kuma ya riƙe na ƙasa, ba ya barinsa ya tsaya har sai sun sauko. Ba dokar ofis ba ce, camfinsa ne shi kaɗai. Na sha yi masa tsiya a layin karɓar abinci cewa injiniyoyi suna ta kashe kansu a banza, ashe babban yatsan Yefim ne yake tallafe da tashar 'yan sama jannatin a sararin samaniya. Shi dai sai ya yi dariya, ya ce in nuna masa wanda ya sa wa riga bai dawo gida ba.

A wannan karon wanda ya tafi da na saman ɗansa ne tilo, Rodion, yaron da na goge wa majina a wannan benen. Ya yi watanni a tashar, ranar Alhamis zai sauko. Mu kuma muna ranar Litinin.

Ya miƙo mini hannun. Maɗaurin na kan riga ne, don haka sau biyu yake naɗa shi a tsintsiyar hannunsa, yanzu da ya rame har yana neman zagaye na uku. Ya ce in murza a hankali, gaba kawai, da na ji ya fara taurin kai in tsaya, kada in tsinke masa sifirin da ke ciki. Sannan ya riƙe mini yatsu da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ko me za a yi, kada ki ja kan nan waje. Da an ja shi agogon zai tsaya cak. Da haka muke daidaita su. Ki tura ciki, ki murza, shi ke nan."

Na ce masa ni da na shekara arba'in ina feraye dankali ba za a koya mini murza ɗan ƙarfe ba. Baki ne kawai. Da na ji ɗan kan nan yana ƙara tauri a tsakanin yatsuna, wani tsoro ya shige ni wanda ban san inda ya fito ba. Ni ce mai yi masa dariya, amma a ranar na gane cewa dariyar tana da sauƙi ne muddin agogon yana hannun wani.

Washegari likita ta zo, wata yarinya mai kirki mai jan gashi. Ta auna shi, ta fito da ni baranda ta ce in ba a kai shi asibiti yau ba, ba ta ba shi tabbacin ƙarshen mako. Da muka koma muka gaya masa, ya ƙi ƙememe. Ya ce ya san asibiti: da an shigar da mutum ɗakin masu tsanani sai a tuɓe masa zobe da agogo a jefa a aljihun tebur, wa zai tuna ya ciyar da shi a can? Likitar ta ce to ya bar wa maƙwabciya mana. Ya ce zai bar mata, amma ba yanzu ba, shi yana so ya riƙa jinsa. Ta dube ni don in sa baki. Na buɗe baki zan yi masa faɗa kamar yadda na saba, sai na ga yadda ya kwantar da kuncinsa a kan agogon, na fasa. Har yau ban san ko na kyauta ba.

Ranar Laraba da safe na murza agogon a hannunsa, na ba shi shayi a cokali. Dusar ƙanƙara tana sauka a hankali, mai shara yana kankare ƙofar gida da shebur. Wajen hantsi ya ce in kwance maɗaurin. Na tambaye shi ko yana matse shi ne. Ya girgiza kai, ya nuna hannuna.

"Klavdiya za ta zo," ya ce. "Kin san halinta. Ki sa shi ƙarƙashin hannun riga. Gobe da safe, kafin ki sha ko ruwa."

Na ɗaura. Ƙarfen da ɗumin jikinsa. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba, sai tambayar ko ana iska a Kazakistan inda Rodion zai sauka, na ce masa an ce garin fes yake, alhali ban ji komai ba. Kafin azahar numfashinsa ya fara nisa da juna. Ina riƙe da hannunsa, wurin da agogon ya bar farin zobe a fata, har ya daina.

Klavdiya yayarsa ce, ta girme shi amma ta fi shi ƙashi. Jirgin ƙasa na yamma ya kawo ta daga ƙauye da baƙin ɗankwali da jakar kyandir. Ba ta yi kuka a ƙofa ba. Ta sumbaci goshinsa, ta yi addu'arta, ta shiga aiki: ta rufe madubin zaure da zanin gado, ta rufe na banɗaki da tawul, ta hau kujera ta kama harshen agogon bango mai lilo ya tsaya, ta zare batirin na kicin. Gidan ya yi tsit. A cikin wannan shirun ne na ji nawa yana ƙara a ƙarƙashin hannun rigata, tik-tik-tik, kamar yana kiranta da gangan. Na danne shi da tafin hannu.

Ta ɗaga hannun mamacin, ta ga farin zoben, ta juyo ta dube ni.

"Ina yake, Taisiya?"

Na ce yana wurina, kuma ba zan bayar ba sai gobe. Ta ce ba a barin agogo yana tafiya a gidan da gawa take kwance, haka iyayensu suka yi, haka aka yi wa matarsa. In aka bar shi ran mamacin ba zai san lokacinsa ya ƙare ba, zai yi ta kai-kawo a ɗaki, kuma in zai tafi ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja wani. Ta ce kullum ƙanenta ya fi yarda da ƙarafa a kan coci, ba za ta bari ya tafi da wannan wautar ba. Ta miƙo hannu. Ni kuma na ja da baya har bayana ya bugi firji. Tsofaffi biyu a ɗan kicin, kowace da abin da take tsoro. Na ji tsoron nata ma, gaskiya, don ni ma da wannan aka raine ni. Amma da na tuna yaron da ke can sama, sai na ga gara fatalwar Yefim ta zauna mini a kicin har bazara.

Muna haka wayarsa ta yi ƙara a kan tebur.

Tun da rana matar Rodion da manyansa a cibiya suka yanke shawarar kada a gaya masa sai ƙafarsa ta taka ƙasa, saboda saukowa aiki ne da ke son hankali a wuri ɗaya. Sai dai ba wanda ya tuna cewa yakan kira ubansa daga tashar, kuma yau ce ranarsa ta ƙarshe a can. Klavdiya ta toshe bakinta da gefen ɗankwali. Na ɗauka.

Muryarsa ta zo da ɗan jinkirin nan da ta saba zuwa da shi. Na ce masa Baba yana barci, likita ta yi masa allura, ta ce kada a tashe shi. Ƙaryar ta fito mini sumul har na ji kunyar kaina. Sai ya tambaye ni.

"Goggo Tasya, an ba na ƙasa abincinsa?"

"An ba shi, Rodya. Da safe."

"Kara mini shi a waya in ji."

Na ture hannun riga na manna agogon a bakin wayar. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Klavdiya tana tsaye, hawayen da ta hana kanta tun zuwanta suna bin kumatunta. Da na mayar da wayar kunne, ya ce yana tafiya daidai, nasa ma haka. Ya ce gobe in na zo murzawa in tsaya da zarar ya yi tauri, kada in ja kan waje. Ya yi mini sai da safe. Sai da na ajiye wayar na lura cewa ni ya yi wa bayanin, bai ce in gaya wa Baba komai ba.

Klavdiya ba ta sake neman agogon ba. Abin da ta ce kawai shi ne in kwana da shi a nawa gidan, ba a nan ba.

Da gari ya waye na zauna a bakin gadona na murza shi, numfashina a riƙe. Kowane zagaye ina jin kamar sifirin ɗin zai ce ƙas. Bai ce ba. Klavdiya ta shigo wurina don talabijin ɗin ƙanenta ma ta rufe shi da mayafi. Muka zauna a kan kujera ɗaya, ba wadda ta taɓa shayinta. Aka nuna fili fetal, fari fat, jirage masu saukar ungulu suna jira. Mai bayani ya ce kumbon su Rodion ya shigo iskar duniya, yanzu wuta ta lulluɓe shi, za a daina jin muryarsu na ɗan lokaci, wannan ba wani abu ba ne, kullum haka ake yi. Na san haka. Sau nawa na tsaya da ludayi a hannu a kicin ɗin cibiya muna jiran wannan shirun ya wuce. Amma a da akwai Yefim a wani wuri yana duban hannunsa.

Na kai agogon kunne, ban ji komai ba. Na sake kai shi, sai bugun jinina kawai nake ji. Na duba fuskarsa, idona ya cika da ruwa, ban ga siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa ba. Na ce wa Klavdiya ya tsaya, na kashe yaron nan, ko hannun rigata ne ya ja kan cikin barci. Yatsuna suka nufi kan agogon, ban ma san abin da zan yi masa ba. Ita ce ta doke mini hannu. Ta kama tsintsiyar hannuna ta ɗora a gwiwarta, ta gyara tabarau, ta sunkuya a kai.

"Yana tafiya, sakarya. Bar shi. Ga shi nan yana tafiya."

Ta ci gaba da faɗin haka ƙasa-ƙasa, yana tafiya, yana tafiya, da irin muryar da take addu'a da ita, idonta bai bar agogon ba ko sau ɗaya. Ni ce na ga laimar saukar kumbon ta buɗe a talabijin, ja da fari, ƙanƙanuwa a sararin sama. Ita ba ta ɗago ba sai da aka zaro Rodion daga kumbon aka zaunar a kujera, aka lulluɓe shi da bargo. Bai yi murmushin da sukan yi wa masu ɗaukar hoto ba. Ya ɗaga hannun hagu ya duba agogonsa.

Aka jinkirta jana'izar domin shi. Ranar Asabar mutum biyu suka hawo da shi benen a tsakaninsu, ƙafafunsa ba su gama tuna ƙasa ba. Akwatin gawar yana kan tebur a tsakiyar ɗaki, kyandirori na ci. Ya daɗe tsaye a kan ubansa, sannan ya nemi kujera. Na matsa kusa na fara ba shi haƙuri kan ƙaryar da na yi masa. Ya girgiza kai.

"Na sani tun a wayar, Goggo Tasya. Kin ce yana barci, amma ban ji kin taka ko'ina ba, sai ga agogon a kunnena. Baba ba ya cire shi in ina sama."

Na kwance maɗaurin, ya bar mini sawu ja a hannu. Ya kwance nasa shi ma, ya jera su a tafinsa. Na saman ya ɗan riga na ƙasan, kaɗan ƙwarai. Ya dubi Klavdiya, ta sunkuyar da kai. Sai ya sa farce a ƙarƙashin ɗan kan agogon ubansa, ya ja shi waje. Siririn hannun ya tsaya.

Ya ajiye shi a gaban hoton Yefim Savelich, kusa da ƙaramin kofin da aka rufe da yankan baƙin burodi kamar yadda ake ajiye wa mamaci, ya naɗe dogon maɗaurin a gefensa. Nasa kuma ya riƙe a dunƙule a kan gwiwa.  A waje mai shara yana ta kankare ƙofar gida, a cikin ɗakin kuma agogo ɗaya ne yake tafiya, ana jinsa ta tsakanin yatsun Rodion.