Guɗar Hajiya Sailuba a Manassas

Wata biyu Hajiya Sailuba ta yi a garin Manassas, can ƙasar waje, gidan ɗanta Misbahu, ba ta taɓa jin an ɗaga murya a layin nan ba. Unguwa ce tsaf-tsaf, ciyawa a aske, amma kowa ya shige gida ya ja ƙofa kamar mai jinya. Matar da a Fagge ba a kai amarya sai an aiko mata da mota saboda guɗarta, ita ce aka ajiye a bakin taga tana kallon motoci. Abin yana cin ta ƙwarai.

Mutum ɗaya ce take ɗebe mata kewa: Amparo, 'yar Meziko, wadda gidanta ke kallon nasu. Ba mai jin yaren wata, da hannu da dariya suke hirarsu. Ranar Asabar da hantsi Amparo ta kawo mata farfesun masara a kwano, ta buɗe hannuwa tana fiffika don ta nuna kaza ce a ciki, ba alade ba. Sannan ta miƙa mata kati mai launin kore da fari da ja.

Misbahu ya karanta, ya ce, "Bikin samun 'yancin ƙasarsu ne, yau da la'asar. Babanta Don Evaristo ne yake kaɗa ƙararrawa, ya kira sunan ƙasar, jama'a su amsa da ƙarfi. Amma Hajiya, please, ki yi zamanki. Ƙungiyar unguwa ta hana hayaniya, kuma Lizzy ta gidan gefensu ta rantse sai ta kira police. Rabin dangin su Amparo takardunsu na zama a ƙasar nan ba su fito ba, a tsorace suke."

"Kwanon mutane fa?"

"Zan mayar musu."

"Wayam? Ni Sailuba a mayar da kwanon maƙwabciyata wayam? Injiniya, karatun naka bai kai nan ba."

Haka take kiransa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta shiga kicin ta soya dubulan ta shaƙe kwanon. Tana idar da sallar la'asar ta yafa mayafi ta tsallaka titi, ko waiwayarsa ba ta yi ba.

Abin da ta tarar a bayan gidan Amparo ya ɓata mata rai. An jera kujeru sun kai sittin, mutane ba su fi ashirin ba. An rataya tuta can ƙasa-ƙasa a jikin shinge, yadda ba za a hango ta daga titi ba. Kiɗan ma sai ka kasa kunne. A saman barandar gidan gefe kuwa ga Lizzy tsaye, ta saita waya tana ɗaukar hoton jama'a, su kuma kowa yana kawar da fuska.

Tsoho Don Evaristo ya miƙe, ya sha farar riga, ƙararrawa a hannunsa. Sai Hajiya ta lura an naɗe bakin ƙararrawar da tsumma. Ya kaɗa, ta ce ƙwas. Ya kira sunan ƙasarsa a hankali, jama'a suka amsa "Viva", wato "ta daɗe", ciki-ciki kamar masu gaisuwar mutuwa. Hawaye ya gangaro cikin gashin bakin tsohon.

Haba! Wannan wane irin 'yanci ne da za a yi murnarsa da raɗa? Ran Hajiya ya tafasa. Ta dire kwanon dubulan a tebur, ta taka tsakiyar fili, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiririiii!"

Guɗar ta keta shinge, ta bi layin har ƙarshensa. Karnukan unguwa suka ɗauka. Amparo ta dafe ƙirji. Hajiya ta ja numfashi ta ƙara wata da ta fi ta farko tsawo.

Tsohon ya dube ta, ya dubi ƙararrawarsa. Ya sa haƙori ya kwance tsumman, ya jefar. Da ya kaɗa a wannan karon, har cikin ƙashi aka ji. Ya buɗe maƙogwaro ya kira Meziko, mutum ashirin suka amsa kamar ɗari.

Misbahu ya faɗo gidan a guje, takalmi ƙafa ɗaya. "Hajiya! Matar nan fa ɗaukar ku take yi. In police suka zo, wa za a ce ya fara?"

"Ni mana. Jibi jirgina na komawa gida zai tashi, su kuwa nan za su zauna. In akwai laifi, a rubuta Sailuba, daga Fagge."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta je ta tsaya daidai saitin wayar Lizzy, ta tare mutanen da ke bayanta da faɗin mayafinta. Ta ɗaga fuska sosai don kada a yi kuskuren mai laifi, sannan ta sake kama hanci.