Sunan Ɗan Fari

Idon Asibi na hagu ya mutu tun daminar bara waccan. Bai yi ja ba, bai yi ciwo ba, haka kawai ya ɗauke kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Na daman yana nan, amma kullum sai daɗa tsukewa yake. Abin da ke gabanta sak tana gani, na gefe kuwa sai ta juya kai gaba ɗaya. Ta daina kai tallan nono kasuwar Doguwa tun ranar da ta yi karo da mai keke ƙwarya ta fashe, ta ce wa mutane ƙafa ce ke damun ta. A rugarsu ta gindin dutse, daga ita sai autarta Maijidda suka san gaskiyar magana.

Abin da zai ba ka haushi, ko ya ba ka dariya, shi ne ɗanta na fari likitan ido ne. A Ingila ma kuwa.

Sunansa na yanka Hamman, amma kowa Dikko yake ce masa, yadda Fulani ke kiran ɗan fari. Ita ko ɗaya a ciki bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta taɓa ɗaukar sa a gaban mutane ba, ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga baffansa a Kiru, can aka sa shi boko, daga nan Kano, daga Kano sai jirgi. In ta kama dole ta ambace shi sai ta ce “na wajen Baffa”. Ba ƙi ba ne, kada wani ya ɗauki alhakinta. Kunyar ɗan fari ce, haka ta taso ta ga uwarta na yi, kuma macen da ta kasa riƙe wannan kunya a rugarsu da yatsa ake nuna ta. Ni ban ga laifinta ba. Sai dai ciwo ba ruwansa da al’adar kowa.

A kakar 1991 labari ya karaɗe kasuwanni cewa ’yan asalin yankin da ke aiki a ƙasashen waje sun haɗa ƙungiya, za su zo da hutunsu su duba marasa lafiya kyauta a Tudun Wada, su kuma koya wa ma’aikatan asibitocin ƙauye aiki. Wasu daga Ingila, wasu daga Saudiyya. Dikko ne jagoran masu duba ido. Mutanen ruga suka yi ta zuwa yi wa Asibi barka, tana sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi.

Kafin a fara aiki ya zo gaishe ta. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar bukka. Ita tana ciki ta juya fuska ga zana, mayafi har hanci. Ya yi gaisuwa, Maijidda ta amsa a madadinta. Ya tambayi lafiyar jiki, Maijidda ta buɗe baki za ta yi magana, Asibi ta kai hannu ta mintsine ta a cinya, sai ta ce lafiya lau. Ya miƙo atamfa da rediyo, da hotunan ’ya’yansa biyu da aka haifa can. Asibi ta karɓi hoto ɗaya ta riƙe shi a juye, kan yaron yana ƙasa, har sai da Maijidda ta sa hannu a hankali ta gyara mata. Likitan ido guda yana durƙushe kusa da su bai gani ba, don shi ma kansa a ƙasa yake, yana ba uwa girmanta.

Bayan tafiyarsa Maijidda ta hana ta sakat. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kuka. Ta ce mutane na hawo mota tun daga Badafi da Bebeji, wasu na kwana a Kwanar Dangora don su riski layi, ita da ta haifi likitan za ta zauna ta makance. Asibi ta ce gara ta makance da ta zauna ɗan fari ya buɗe mata ido da yatsa yana leƙawa. Amma da ta kaɗaita sai ta ɗauko hoton nan ta kai shi dab da fuska, ta ga ba ta iya haɗa idon yaron da bakinsa a kallo ɗaya. Tsoro ya kama ta sosai. Idan wannan ɗan hasken ya tafi, shi ke nan, sai jagora.

Maijidda ce ta samo dabara. Ta jiyo cewa a cikin masu duba idon akwai mace, Dakta Salamatu, ’yar Bebeji da ke aiki a Saudiyya. Layin mata wajenta yake zuwa. Asibi ta yarda, da sharaɗin ba mai sani, ko a ruga ko a can. Suka fita kamar za su dubiya, suka hau a-kori-kura zuwa Tudun Wada.

A makarantar firamare ake aikin. An toshe tagogin azuzuwa da barguna don duhu ake so wajen duba ido. Tsofaffin mata sun jeru a benci, kowacce da labarin idonta, kowacce kuma da yabon likitoci. Wata da ke kusa da Asibi ta ce ai babban nasu ɗan Fulanin Doguwa ne, Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka, ta huta. Asibi ta ce amin a ciki-ciki, ta daɗa jan mayafi. Da layi ya matso aka ce ’yan rakiya su tsaya waje, Maijidda ta koma gindin darbejiya.

Abin da ba su sani ba, an kira Dakta Salamatu ɗakin tiyata tun hantsi, an juya layinta zuwa aji na gaba. Wata nas ta kamo hannun Asibi ta shigar da ita cikin duhu, ta zaunar da ita a kujera. Sai ta ji muryar da ta gaishe ta a ƙofar bukka tana cewa sannu Iya, a ɗan ɗaga kai.

Ta so ta tashi. In ta zabura ta fita, za a tambayi dalili. In ta zauna, ga abin da ta guda. Ta damƙe mayafi a kan hanci, ta bar ido kaɗai a waje, tana roƙon Allah a gama a sallame ta kamar kowa.

Dikko ya gaji, muryarsa ta nuna. Tun safe idanu yake gani, ba fuskoki ba. A bayansa ma’aikatan asibiti uku ne a tsaye suna koyon aiki. Ya sa yatsa ya ɗaga fatar idonta na hagu, ya haska ’yar tocila, ya daɗe. Yatsan nan a fuskarta sai da ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa. Ya koma na dama, ya danna a hankali, ya yi tsaki.

“Iya, tun yaushe na hagun ya daina gani?”

“Ya kwana biyu,” ta ce, murya can ƙasa.

“Wa ya kawo ki?”

“’Yata.”

“Ba ki da ɗa namiji?”

Ƙarya ba za ta iya ba, ba a kan wannan ba.

“Akwai.”

“Yana ina?”

“Yana nesa.”

Sai ya juya ga ɗalibansa, ya yi musu bayani da Hausa don ita ma ta ji. Ya ce wannan ba yanar ido ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne, mai cin gani a ɓoye. Na hagu ya tafi har abada, ba likitan da zai dawo da shi. Da an kawo ta da wuri, ɗigon magani kawai ya isa. Ya ce irin wannan ne ya hana shi barci a Ingila har ya tattaro abokai suka taho: a haifi mutum, a raine shi, ya samu duniya ya tafi, uwa tana makancewa a ƙauye ko leƙowa ba ya yi. Ransa ya ɓaci da gaske. Ɗaliban suna gyaɗa kai, nas tana Allah wadai.

Asibi tana zaune tana jin ana tsige ɗanta a gaban baƙi, da bakinsa. Kunya ta rufe ta ta kowane gefe: tata, da tasa wadda bai ma san ya jawo ba. Laifin nata ne, ita ta mintsini Maijidda. Ta ce a ranta bari ta daure, yanzu zai gama, ta fita, ba mai ji har abada.

Amma bai gama ba. Ya ajiye tocila ya ce, “Wallahi irin wannan ɗa, in dai akwai alhaki, Allah ba zai bar shi ya ga da kyau ba. Yadda ya bar uwarsa cikin duhu, shi ma—”

“Hamman.”

Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ita kanta sai da ta tsorata da jin sa a bakinta. Komai za ta iya haɗiyewa ban da ta zauna ya ja wa kansa baki, ita kuma shirunta ya zama amin.

“Ya isa. Bai sani ba. Ni na hana a faɗa masa.”

A duk Tudun Wada ba mai kiran sa da wannan suna. Ta saki mayafin ya zame. Ɗaliban suka dubi juna, suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya, nas ta bi su ta ja ƙofa.

Ta ji ya sauka daga kujera, ta ji gwiwoyinsa sun taɓa siminti. Da ya yi magana, ba muryar likita ba ce. Ya ce na daman za a iya riƙe abin da ya rage, in an fara magani yau, amma sai ya sake dubawa da kyau. Ya laluba ya ɗauki tocila, ta suɓuce, ya sake ɗauka.

“Inna, sai kin dube ni. Ba ya dubuwa in kina kau da kai.”

Asibi ta ɗago. Ta cikin ’yar ƙofar hasken da ta rage mata, fuska ɗaya ce kawai ke iya shiga, ba gefe ba komai. Ta ga goshin mahaifinsa. Ta ga hawaye. Ta ga furfura a gemunsa, ita da ba ta taɓa ganin ranar da gemun ya fito ba.

Ba ta kau da kai ba har ya gama.