Lamba Huɗu

Ranar da aka ba Auta farar riga a kamfanin garin sabulu, yayarta Babba ce ta fi kowa rangaɗa guɗa. Ta rungume ta a gaban injina, tana cewa matan layi, "Ku taya ni murna, ƙanwata ta zama sufabaiza!" Sai da ta koma bakin injinta, ta ja takunkumi ta rufe hanci da baki, sannan ta daina murmushin dolen nan, ta ji kumatunta sun yi tsami.

Ita ta kawo Auta kamfanin nan. Ita ta koya mata riƙe leda a bakin mazurari kada gari ya tashi, da yadda ake danna injin liƙi bai lashi yatsa ba. Sau biyu Babba tana neman farar rigar nan, ana ce mata aikinta ba shi da makusa, amma sai mai takardar difloma. Auta kuwa ta yi karatun yamma ta samo takardar.

Yanzu komai na Auta ya sauya. Albashinta tsayayye ne, ko inji ya yi aiki ko ya kwanta, ba irin na masu shuɗiyar riga ba, da sai an haɗa da obataim yake ganin ƙarshen wata. Ga kuɗin mota, ga katin asibiti da har Inna, mahaifiyarsu, ta shiga ciki, ga kujera a ɗakin gilashi mai fanka. In ta ci watannin gwaji aka tabbatar da ita, kamfani zai tura ta kwas, daga nan sai mataimakiyar manaja. Babba kuwa in ta ɗaga kai, mazurarin nan ne dai a gabanta, har tsufa.

A gida ma ba ta tsira ba.

"Babba, kwashe shanyarki daga igiya," in ji Inna. "Auta za ta shanya rigar aiki, kada shuɗinki ya zuba mata."

"To, Inna. Ko in sayo mata igiyarta daban?"

"Da kin kyauta," Inna ta ce, ba ta ma gane gatse ba ne.

Ƙa'idar kamfanin ita ce, saboda ƙarar injina, sufabaiza da lasifika take magana, kuma da lambar inji take kiran mutum. Auta ta daɗe tana kauce wa wannan a kan yayarta. Takan tako har inda take, ta dafa kafaɗarta, ta ce a kunne, "Yaya, don Allah a ɗan ƙara hannu." Amma wata safiya aiki ya cakuɗe, tana can ƙarshen layi, ta hango gari yana zuba daga ledojin Babba. Ta ɗaga lasifika.

"Lamba huɗu, ledarki tana yoyo!"

Babu kunnen da bai ji ba. Babba ta gyara liƙin.

Da aka tashi cin abinci, mata suka baje tabarma a bayan ɗakin ajiya. Mai-sikeli, mai auna ledojin gari, wadda bakinta ba ya hutu, ta matso kusa da ita.

"Sannu, Lamba huɗu. Ashe haka farar riga take? Tana wanke Yaya daga baki tas, kamar garin namu?"

Aka kwashe da dariya. Babba ma ta yi, ta ɗauki loma a natse.

"Ku rabu da ita, yarinya ce. Ni na goya ta. Kun san sunanta a gida tana ƙarama? Gimbiya Majina. Duk zanen goyona ita ta ɓata shi."

Kamar wasa ta faɗa, amma ta san wa ta faɗa wa. Ta kuma san har yau garin sabulu ba ya barin hancin Auta, kullum da hankici a aljihun farar rigar.

Kafin a tashi aiki sunan ya zagaye layi. Ba wanda ya kira ta da shi a fili, wata dabara suka samo. Da Auta ta gifta, sai wata ta ja hanci a bayan takunkumi, ta kusa da ita ta amsa, har ya kai ƙarshen layi. In ta ce a ƙara sauri, jan hanci. In ta ce a share ƙasa, jan hanci, tsintsiya kuma tana nan a jingine. Ba ta da wadda za ta kama, don duk fuskokin a rufe suke. Babba ba ta taɓa ja ba ko sau ɗaya. Takan dai sunkuyar da kai kan ledarta, wani sanyi yana ratsa ƙirjinta.

Auta ba ta taɓa tuhumar yayarta ba. A da daga Inna sai Babba suka san sunan nan a duniya, amma kowace safiya takan rusuna ta ce, "Yaya, ina kwana," sannan ta goge rigarta su fita tare.

A watan ƙarshe na gwaji Manaja ya sauko zagaye. Auta tana gefensa tana nuna masa aiki, sai gari ya tashi daga wani buhu, atishawa ta ƙwace mata. Layin gaba ɗaya ya ja hanci a tare, wata ta kasa riƙewa ta tuntsire da dariya.

Manaja ya tsaya. "Mene ne haka?"

"Mura ce take yawo, ranka ya daɗe," in ji Auta, idanunta sun kaɗa.

Ya dubi layin, ya dube ta, ya nufi ɗakin gilashi ta bi shi. Daga bakin injinta Babba tana hango su. Shi yana magana yana buga yatsa a tebur, ita tana gyaɗa kai, hankici a dunƙule a hannunta.

Kafin yamma labari ya fito. Kwas ya tafi ga sufabaizan ɗaya layin. An ƙara wa Auta watannin gwaji, in ta kasa riƙe mutanenta za ta koma shuɗiya.

A zuci Babba ta hango Auta ta dawo inji na biyar, kafaɗa da kafaɗa da ita kamar da, shanyarsu a igiya ɗaya. Abin ya yi mata daɗi, ba ta musa wa kanta ba.

Suna wanke hannu a famfo Mai-sikeli ta zungure ta. "Saura ƙiris Gimbiya ta sauka. Sai dai ke ma ba ki da takarda, ƙawata. Wani ƙato za su kawo mana daga waje."

Babba ta bar ruwa yana zuba a hannunta. Ashe rigar ba wurinta za ta zo ba, daga gidansu za ta fita, da ita da katin da Inna take karɓar maganin ƙafa da shi.

Washegari injina suka tashi. Auta ta ɗauki lasifika, ta sauke, ta sake ɗauka.

"Lamba huɗu, a ƙara sauri."

Wata ta fara jan hanci. Babba ta fizge takunkuminta, ta ɗaga murya har ta danne ƙarar inji.

"To, ranki ya daɗe!"

Ta juya ta kafa wa Mai-sikeli ido. "Mai mura kuma ta nemi izini ta tafi asibiti. Nan wurin aiki ne."

Jan hancin ya tsaya cak, sai ƙarar liƙi. "Ranki ya daɗe" ɗin nan ta ƙona wa Babba maƙogwaro kamar ta haɗiyi garin. Auta ta zo wucewa, gefen farar rigar ya shafi hannunta. Babba ta bi rigar da kallo har ƙofar ɗakin gilashi. Kafaɗun rigar sun yi wa Auta yawa. Da ita Babba ce, cif za su zauna.