Cibiyar Jikan Chimal

Kwana takwas da haihuwar jikansa, tsoho Chimal yana bakin tafki yana toshe ɓular kwalekwale, sai ga Papan ungozoma ta zo ta danƙa masa ɗan ƙunshin tsumma.

"Cibiyar yaron ce, ta bushe. Da ta mace ce da tuni na binne ta a gindin murhu, amma ta namiji sai mayaƙi ya kai ta filin daga. Duk unguwar nan kai kaɗai ka rage, kai ɗin ma haƙoranka sun gudu sun bar ka."

"Ke kuma bakinki ne kawai Turawa suka kasa ƙwacewa," in ji shi. Amma ya karɓa.

Mutanen birninsu, Tlatelolco, sun yarda cewa inda aka binne cibiyar mutum, can zuciyarsa za ta riƙa jansa har ya mutu. Tasa cibiyar, kawunsa ne ya kai ta tafiyar kwana uku bayan duwatsu. A wancan zamani ba a neman mayaƙi, tuntuɓe ake yi da su. Chimal yana tuna safiyar fita yaƙi: garkuwoyi masu koren gashin tsuntsu, ganga tana girgiza ruwan tafki, mata suna cusa musu gasasshiyar masara a jaka suna zaginsu don kada su yi kuka. Kewar wannan safiya ba ta taɓa sakinsa ba.

Yanzu shekara goma sha huɗu ke nan da Turawan Kastila suka ci birnin. Babu runduna, babu garkuwa. Ɗansa ma, uban jaririn, dakon dutse yake yi ana gina wa Turawan gidaje.

Zai fita ke nan Matlal, matar ɗan nasa mai jegon, ta tare shi a ƙofa.

"Baba, don girman furfurarka kada ka kai ta nesa. Yayyena uku aka kai tasu nesa, babu wanda ya dawo."

"Koma ciki, 'yata, jikinki ɗanye ne. Ba ni na kafa al'adar ba."

Ƙafarsa ba za ta kai shi bayan duwatsu ba, don haka ya nufi gadar da suka taɓa tsayar da dawakin Turawa. Ya tarar an cike ruwan, an kewaye wajen, aladu suna birgima a ciki. Ya wuce bakin tsohuwar kasuwa, inda aka yi karon ƙarshe. Nan kuma coci ne, ginanne da duwatsun ɗakin bautarsu, har ya gane wani dutse mai zanen maciji an kifa shi. Jikansa guda, a ƙarƙashin aladu ko a ƙarƙashin ƙararrawar baƙi? Takaici ya cika shi, ya juya.

Rana ta karkata ya iso gida, ƙunshin na hannunsa, kunya ta hana shi shiga. Ya zagaya tsakar gida, inda mata suke shanya barkono, ya ce bari ya ɓoye cibiyar a rami kafin ya san abin yi. Bai yi nisa da tono ba sandarsa ta daki wani abu. Ya zaro ɓallin baƙin dutse mai kaifi, irin wanda suke jerawa a bakin takobin katako. Ya ƙara tonowa, sai kan kibiyar Turawa, ya yi tsatsa. Ƙarƙashinsa kuma ƙasusuwan yatsu.

Ya zauna daɓas. Ai kwana tamanin aka yi ana gwabzawa lungu-lungu a unguwar nan, har matarsa tana jifa daga kan soro. Bayan an rushe komai suka dawo, suka daddale ɓaraguzan, suka ɗora ɗakuna a kai.

Ya sa cibiyar a ramin. Matlal tana leƙowa da jaririn a kafaɗa. Papan ce ta faɗo gidan da faɗa.

"A tsakar gida? Kai tsoho, mace za ka mayar mana da shi?"

Ya buɗe mata tafin hannunsa, ga ɓallin dutsen da kan kibiyar da ƙasusuwan. Ta daɗe tana kallo.

"Na waye?" ta tambaya a hankali.

"Ban sani ba. Namu ne dai."

Papan ta durƙusa kusa da shi, ta fara tura ƙasa da hannunta.