Sabon Kanel a Lif Ɗinmu

Kamfaninmu yana da wata al'ada da na tsana: duk sabon kanel da muka haɗa, wato zuciyar manhajar da ke tuƙa na'ura, a ginin ofishinmu ake fara ɗora shi. Oga ya ce mai girki shi ke fara ɗanɗanawa. Ga shi mu kwamfutar lif muke yi.

Aikin wannan karon nawa ne da Dogo, abokin teburina. A da, in faifan ajiya zai zuba bayanai kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ya bi ta wani tsohon sashe mai ɗaukar komai tubali-tubali. Nawa gare shi kamar jaki. Muka raba su, faifai ya samu hanyarsa shi kaɗai.

Da rana tsaka ina gwaji, sai na ga lambobin birki sun rikiɗe sun zama shirme. Ashe tsohon sashen nan shi ke riƙe wuri a ƙwaƙwalwa har faifai ya gama rubutu. Yanzu babu mai riƙewa. Kanel ya saki wurin, ya ba wa birki, faifai kuma yana ta zuba kayansa a kai.

"Dogo, kada a ɗora wannan ko'ina."

Ya daina tauna biskit. "Ai tun safe na ɗora wa namu."

"Namu wanne?"

"Lif mana. Ba haka ake yi ba?"

Wallahi da na shaƙe shi, sai wayata ta yi ƙara. Matata ce, da cikinta wata takwas, ta biyo daga awo.

"Baban yara, ga ni na shiga lif. Ka sa min ruwa mai sanyi, ƙafafuna sun kumbura."

"Fita! Don Allah ki fita!"

"Kai kuma lafiya? Ai ƙofa ta ru..." Layin ya yanke.

Ofishinmu yana hawa na ƙarshe. Na ruga baranda, ƙafa ɗaya ba takalmi. Lambobin da ke saman ƙofar lif suna hawa, ba su tsaya ko'ina ba, kuma gudun ba irin na kullum ba ne. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, har fitsari na ji. Akwatin wutar lif yana bayan gorar kashe gobara. Na fizge murfin har farcena ya tsage, na ja babban makunnin da hannu biyu.

Ƙarfe ya yi kuka a cikin bango, wani abu ya daki wani. Sai shiru.

Na durƙusa, na manna baki a tsagar ƙofa ina kiran ta, ina kallon ƙasa. Dogo yana bayana yana ta salati.

"Baban yara?" Muryar siririya ce, tana rawa.

"Na'am! Kina ina? Kin ji ciwo?"

"Ban sani ba. Ruwa na ji yana bin ƙafata."

Ashe lif ɗin ya wuce mu. Daga saman kanmu muryar take fitowa, inda babu sauran hawa.