Motar Asibiti Mai Jiran Gwamna

Tana cikin sharar barandar sakatariyar ƙaramar hukuma ta ji ƙarar birki, sai ihu. Mijinta mai faci ne, rumfarsa na bakin titi daura da ƙofar shiga. Ta yar da tsintsiya ta fita a guje. Tirela ce ta kwashe shi da taya a hannu, ta watsar a kwalta, ta ƙara gaba. Ƙafarsa ta dagargaje, amma idonsa biyu, yana kiran sunanta.

A harabar sakatariya akwai motar asibiti sabuwa fil, an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi. Ta ruga wurin direban.

"Makulli na hannun Sakatare, Yaya," ya ce, ya kau da kai.

Sakatare na ofis yana gyara hula a madubi. Ta zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, maigidana ne. Jini yake zubarwa."

"A ina aka buge shi?"

"Nan ƙofa, kan titi."

"To ai titin na tarayya ne, ba huruminmu ba. A kira jami'ansu. Motar nan kuma yau Gwamna zai ƙaddamar da ita. So kike ya buɗe ya tarar da jini?"

"Yallaɓai, ni fa ke share maka ofishin nan kullum."

"Shi ya sa ban sa an fitar da ke ba. Tashi."

Aka kira jami'an tarayya, suka ce motarsu ba mai. Asibitin jiha ya ce sai da takardar 'yan sanda. A ƙarshe wani mai kurar ruwa ya sauke jarkokinsa, aka ɗora shi. Tana tallafe da kansa tana sassarfa a gefen kurar. Kafin su kai shataletale ta ji wuyansa ya saki.

Makullin ɗakinsu na cikin jakarta a sakatariya, dole ta koma. Ta tarar an kwashe rumfar, wai tana ɓata fuskar wurin. Shugaban ma'aikata ya hango ta.

"Yawwa, ke nake nema. Allah ya ji ƙansa. Samo ruwa da sabulu ki wanke gaban ƙofar nan, baƙi sun kusa."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya ce in ba za ta iya ba ta faɗa, masu neman aikin ba su ƙirguwa.

Yara ƙanana ta bari a gida. Ta ɗebo ruwa a bokiti, ta durƙusa kan kwalta mai zafi tana dirzawa. Ba ta gama ba aka jiyo jiniya, wani ɗan sanda ya daka mata tsawa ta matsa gefe.